Yaye a Tsakiyar Annoba: Birnin Niyu Yok a 1919 da 2020

Idan annoba ta sauka a gari, hankalin hukuma da na likitoci kan tattaru ne a kan waɗanda ta kayar. Amma akwai wani rukuni na marasa lafiya da masu rubuta tarihi ba su cika waiwayarsa ba, watau mutanen da jikinsu ya riga ya saba da wani magani, har ya zamana in sun rasa shi kwana guda sai su kwanta. Birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka ya gamu da irin waɗannan mutane sau biyu a cikin annoba, shekara ɗari da ɗaya tsakani, kuma abin da hukuma ta yi da su a karo na biyu ya saɓa ƙwarai da abin da ta yi a karo na farko.

Maganin da ake zance shi ne mofin da danginsa, waɗanda asalinsu daga ofiyam ne. Raba jiki da su bayan dogon sabo yana kama da yaye, sai dai yaye ne mai azaba. Kafin a yi kwana guda da shan ƙarshe mutum zai soma hamma da hawaye da majina, sa'an nan zufa da rawar sanyi su biyo baya, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, ciki ya murɗa, ga amai ga gudawa, barci kuwa ya ƙaurace. Abin kan kai maƙura a kwana na biyu ko na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan, amma kasala da ƙuncin zuciya da rashin barci suna iya jan makonni. Duk wanda ya lura zai ga kamanninsa da mura mai tsanani, har a lokacin annobar mura mai ciwon kansa na iya kasa bambancewa. Babban hatsari kuwa yana zuwa ne bayan yayen. Jikin da ya huta ya rasa juriyarsa ta dā, saboda haka in mutum ya koma ya sha gwargwadon abin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa.

Da yawa daga cikin waɗanda suka kamu a ƙarni na 19 ba neman maye ya kai su ba. Likita ne ya yi musu allurar mofin saboda wani ciwo, ko kuma sun sayi maganin tari a kanti. Hiroyin kanta kamfanin Bayer na Jamus ne ya fitar da ita kasuwa a 1898 da sunan maganin tari. A Disamba 1914 Amurka ta kafa dokar Harrison, wadda a fuska dokar haraji ce da rajistar masu sayar da irin waɗannan magunguna. Ta bar wa likita damar rubuta su a cikin aikinsa na likitanci, amma ba ta fayyace ko ci gaba da ba wanda ya riga ya kamu yana cikin wannan aiki ba. A kan wannan giɓi aka yi shekara huɗu ana jayayya.

Ana cikin haka annobar mura ta 1918 ta iso. Ta kashe kimanin mutum 675,000 a Amurka, wajen 30,000 daga cikinsu a Niyu Yok, a lokacin da likitoci da yawa ke bakin aikin soja. Kwamishinan lafiya na birnin, Dokta Royal Copeland, bai rufe makarantu ba, bai rufe gidajen wasan kwaikwayo ba. Abin da ya yi shi ne raba lokutan buɗe kantuna da ma'aikatu domin a rage cinkoso a jiragen ƙasa. Watau ya san sarai cewa taron jama'a shi ne abincin cutar. Wannan ya cancanci a riƙe shi, saboda abin da ya biyo baya.

Ran 3 ga Maris 1919, annoba ba ta gama janyewa ba, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani likita mai suna Webb, wanda ke sayar da takardun magani ga duk wanda ya zo. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu a kan cewa rubuta mofin don kawai a riƙe wanda ya kamu cikin kwanciyar hankali ba aikin likitanci ba ne. Webb ba abin a yaba ba ne, amma hukuncin bai tsaya kansa ba, ya haɗa har da likitocin kirki. A watan Afrilu jami'an gwamnatin tarayya suka kama wasu likitoci da masu kantin magani a Niyu Yok, sai ga ɗaruruwan mutane sun wayi gari babu mai ba su. Copeland ya buɗe musu ɗakin shan magani a titin Worth cikin gaggawa. Kafin a rufe shi ya karɓi mutum fiye da 7,000, akasarinsu samari masu shan hiroyin.

Tsarin wurin shi ne mutum ya zo ya bi layi, a ba shi rabonsa, ana rage masa kaɗan-kaɗan, har ya yarda a kai shi asibitin Riverside a ƙarasa yayen. Asibitin nan yana wani ɗan tsibiri ne da ake kira North Brother, inda aka saba killace masu cututtuka masu yaɗuwa. A can ne ma Mary Mallon, kukun nan da ta yi suna wajen yaɗa taifot, take tsare tun 1915. Ashe hukumar da ta yi ta faman watsa taro a Oktoban 1918 ita ce ta tara dubban raunana a layi guda bayan wata shida. Mafi yawan waɗanda aka sallama daga tsibirin ba su daɗe ba suka koma gidan jiya. Aka rufe ɗakin titin Worth a farkon 1920, shekarar da murar ta sake kewayo birnin.

Ba ko'ina aka bi wannan hanya ba. A garin Shreveport na jihar Luwiziyana, Dokta Willis Butler ya bambanta wanda za a iya yayewa da wanda tsufa ko ciwo mai tsanani ya sa yaye zai zame masa azaba kawai, ya ci gaba da ba na biyun abin da zai riƙe shi yana sana'arsa. Hukumomin garin sun goyi bayansa, amma gwamnatin tarayya ta matsa har aka rufe wurin a 1923. Daga nan aka yi shekara arba'in mai wannan lalura ba shi da ƙofa sai ta ɗan kasuwar bayan fage, ko ta gidan yari.

A Niyu Yok ɗin dai aka sake buɗe ƙofar. A 1964 Vincent Dole da Marie Nyswander suka soma gwajin metadon, maganin da aka harhaɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930. Kurɓi guda yana riƙe mutum yini da kwana, ba hawa da sauka irin na hiroyin, sai dai yayensa ya fi jan lokaci, yakan kai mako biyu zuwa uku. Ƙa'idojin da aka shimfiɗa a 1972 suka wajabta wa sabon majiyyaci zuwa kusan kowace safiya ya sha a gaban ma'aikaci. Layin titin Worth ke nan ya dawo da sabuwar riga, ya kuma zauna kusan shekara hamsin.

Cutar korona ce ta karya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba ran 11 ga Maris 2020. Mai shan metadon ya sami kansa tsakanin wuta biyu: ya shiga motar haya da layi kullum ya kwaso cuta, ko ya zauna gida ciwon yaye ya same shi shi kaɗai, ba mai jinya, ga tarukan da suke ƙarfafa wa juna gwiwa duk an dakatar. Bayan kwana biyar, ran 16 ga wata, hukumar tarayya mai kula da wannan fanni ta ba jihohi izinin a ba wanda ya natsu maganin kwana 28 ya tafi da shi gida, wanda bai kai haka ba kuma na kwana 14. Aka kuma yarda likita ya ɗora mutum a kan wani maganin, bufrenofin, ta wayar tarho. A watan Afrilu Ma'aikatar Lafiya ta Niyu Yok, wadda Copeland ya taɓa shugabanta, ta soma aika motoci suna kai metadon har ƙofar gidajen waɗanda aka killace.

Kada a ɗauka shekarun sun zo da sauƙi. Mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima a Amurka ta tashi daga wajen 70,000 a 2019 zuwa fiye da 106,000 a 2021, akasari saboda fentanil na bayan fage, wanda kaɗaici ya ƙara wa kaifi, gama mai sha shi kaɗai ba shi da wanda zai yi masa kururuwa. Ɗakunan shan magani da dama ma ba su yi amfani da sassaucin sosai ba. Amma abin da aka yi shekaru ana tsoro, cewa in an sakar wa mutane metadon gawa za ta cika gari, bai tabbata ba. Binciken da jami'an lafiya na tarayya suka buga a 2022 ya nuna rabon metadon a cikin waɗannan mace-mace ya sauka daga kashi 4.5 cikin ɗari a Janairun 2019 zuwa 3.2 a Agustan 2021.

An ɗage dokar ta-ɓaci ta korona a Mayun 2023. A Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da sababbin ƙa'idoji da suka mai da izinin tafiya gida da magani abu na dindindin, suka fara aiki a watan Afrilu na wannan shekara, aka bar wa likita da jiharsa su auna wanda ya cancanta.