Daga Ƙofar 'Yandaka Zuwa Tsibirin Gberefu

Duk wanda ya karanta tarihin Katsina a makaranta, to, an koya masa cewa birnin nan arewa yake fuskanta. Za a ba shi labarin ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamus da Turabulus, da gishiri da takarda da alharini, da malaman da suka zo daga Tambutu. Wannan duk gaskiya ne. Amma akwai wata hanya da ta bi kudu har bakin teku, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, watakila don kayan da aka fi kora ta cikinta ba abin alfahari ba ne. Mutane ne. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa bakin tekun nan yana cikin tarihin Hausa tsundum, har ma ilmin da muke zaune a aji muna nazari yana da saiwa a can.

Ni ɗan Ƙofar 'Yandaka ne, watau ƙofar da ke yammacin birni, wadda hanyar Batsari ta fita ta cikinta. Tsibirin da na tashi ina jin sunansa ɗaya ne tak, Tsibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi, shi kuwa da ƙafa ake shigarsa. Saboda haka da muka haɗa kuɗi mu 'yan aji muka yi shatar mota don yawon buɗe ido a Badagiri, ni ne na fi kowa ɗoki.

Direbanmu ya ƙi hanyar Birnin Gwari ƙememe saboda masu satar mutane. Sai muka bi Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja, muka haye Kwara a kusa da Lakwaja, sa'an nan Okene, Akure, Ibadan, Ikko. Fataken dā ba nan suke bi ba. Su ƙasar Gwari suke ratsawa su faɗa Nupe, su haye Kwara a Raba, su shiga tsohon birnin Oyo wanda Hausawa ke kira Katunga, daga nan su gangara Badagiri ko Ajashe, wadda Turawa suka sa wa Porto-Novo. Mai karatu ya lura da abin da ya hana mu bin wannan hanya: tsoron kada a kama mu a sa mana kuɗi. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Rugu, muka kuma ga yadda aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ba sai an yi mana dogon bayani a kan yadda mutum ke zama haja ba.

Badagiri tana yamma da Ikko kimanin mil 40, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda Yarabawa ke kira Egun, sarkinsu kuma Akran. Abubuwan kallo suna nan kusa da juna: gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da wurin da aka fara wa'azin Kirista a 1842, da gidajen ajiyar kayan tarihi inda aka rataye sarƙoƙi da mari da takunkumin ƙarfe. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan Seriki Williams Abass, mai ƙananan ɗakuna 40 inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Masu nuna gidan suna cewa shi kansa an taɓa bautar da shi, ya komo ya shiga cinikin. Ya rasu a 1919. Dubi sarautar tasa: Seriki. Kalmarmu ce, sarki, ta riga mu isa can da shekaru masu yawa. A bakin kasuwa ma wani dattijo mai goro ya ji muna Hausa ya ce, "Samari, daga ina?" Muka ce, "Daga Katsina, Baba." Ya ce, "Kai, kun sha hanya," ya ƙi karɓar kuɗin goronsa.

Gberefu tana tsallaken ruwa, ana hangenta daga gari. Zirin yashi ne mai tsawo tsakanin ruwan da ya bi gefen garin da babbar teku. Jirgin ruwa mai inji ya haye da mu cikin 'yan mintoci, wasunmu sun rufe ido suna salati. A can ƙauye ne sosai: bukkokin masunta, taruna an shanya, itatuwan kwakwa iyakar ganinka, sai wata siririyar hanya ta yashi da ta miƙe kudu. Tafiyar kamar rabin sa'a ce, ƙafa tana nutsewa. Tun kafin ka ga teku kake jin rurinta, kamar hadari yana tasowa amma ba ya isowa. Inda hanyar ta ƙare shi ne ake kira wurin da ba a komowa.

A tsakiyar hanyar akwai wata tsohuwar rijiya. Mai yi mana jagora ya ce an yi mata asiri, duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta garinsu da sunansa. Labari ne mai ratsa jiki, amma ni ban karɓe shi ba, kuma dalilina yana cikin takardu. Mutanen da suka bi irin wannan hanya ba su manta kome ba. In jima kaɗan za mu ga sun lissafa wa Turawa garuruwansu da zangunan da suka yi, wani bayan shekara ashirin ko talatin.

To, su wane ne, kuma yaya aka yi suka iso nan? Kafin ƙarni na 19 ma Oyo tana sayen bayi daga arewa, tana riƙe wasu don kiwon dawaki da aski da igiya, tana tura wasu bakin teku. Amma yaƙe-yaƙen jihadi, daga 1804, su ne suka cika hanyar. A Katsina an yi ta gwabzawa har birni ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Daga nan kusan shekara ɗari ba a daina hari tsakanin Maraɗawa da Gobirawa a gefe ɗaya da Daular Sakkwato a ɗaya gefen ba, kuma ƙasar Ruma da ke bayan ƙofarmu tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. Kowane ɓangare ya kama na ɗaya. A nan ne nake ganin ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bature bai zo Ruma ya kama kowa ba a wancan zamani. A bakin teku yake jira da jirginsa. Mu ne muka miƙa wa Nufawa, Nufawa suka miƙa wa Yarabawa, har aka iso hannun Fotugis. Lalle shugabannin jihadi sun hana a bautar da Musulmi ɗa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yarda a wasiƙarsa ga Sarkin Ingila a 1824 zai hana kai bayi bakin teku. Amma doka daban, abin da ɗan kasuwa ke yi a Raba daban.

Ya kamata in rage wa masu jagorar Badagiri zuƙi kaɗan. A lokacin da Hausawa suka fi yawa a jiragen bayi, Ikko ta riga ta ƙwace kasuwa, Wida da Ajashe ma suna nan, Badagiri ɗaya ce kawai daga cikin mashigai. Har wa yau yawancin waɗanda aka kama ba su ga teku ba: a rinji da gandu suka ƙare cikin ƙasar Hausa, ko aka ratsa Sahara da su. Waɗanda aka kora kudu galibi maza ne majiya ƙarfi, da yawansu fursunonin yaƙi, wasu kuma almajirai masu karatu. Wannan ya yi tasiri. A 1817 bayin Oyo Musulmi, waɗanda Hausawa suka fi yawa a cikinsu, suka yi tawaye suka bi Afonja a Ilori, abin da ya taimaka wajen rushe daular Oyo.

Waɗanda aka haye da su kuwa, mafi yawa Bahiya aka kai su, a ƙasar Brazil, noman rake. Ba su zauna lafiya da iyayengijinsu ba ko kaɗan. A 1807 aka tona wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salvador, suka sake tashi a 1809, a 1814 kuma suka ƙone wuraren masunta a bakin teku kusa da birnin. Babban tawayen Musulmi na watan Janairu 1835 Yarabawa ne suka fi yawa a ciki, amma da Hausawa, an kuma sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi yana tambayarsu ƙasarsu, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851: garuruwa, koguna, sarakuna, yaƙin da aka kama su. Ina rijiyar mantuwa a nan?

Ba duka ne suka isa Brazil ba. Bayan Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi suna sauke mutanen a Saliyo. Cikin irin waɗanda aka ceto akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa suka sa wa William Pasco, ya yi aikin jirgin ruwa a wurinsu. Da Kyaftin Clapperton, wanda ya taɓa ratsa Katsina a 1824, ya tashi tafiyarsa ta biyu daga Badagiri a watan Disamba 1825, Abubakar ne tafintansa. Ka ga mutum ya gangara hanyar da igiya a wuya, ya hauro ta yana fassara wa Bature maganar sarakuna. Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri, Fotugis masu cinikin bayi suka yi masa sharri cewa ɗan leƙen asiri ne, aka sa ya sha gwaska, ya tsira da ƙyar.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. Malamanmu na zaure sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami, wannan ba gardama. Amma nahawu da ƙamus na boko, waɗanda muke haddace shekarunsu don jarrabawa, daga bakin wa aka ɗauko su? J. F. Schön, Bajamushe ɗan mishan, a Saliyo ya fara koyon Hausa wurin 'yantattun bayi, ya bi ayarin binciken Kwara na 1841, ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. S. W. Koelle kuma, a littafinsa Polyglotta Africana na 1854, ya tattara kalmomin harsuna fiye da ɗari daga bakin mutanen da aka sauke a Freetown, a ciki har da Hausar Kano da Hausar Katsina, tare da ɗan tarihin yadda aka kama kowane. Watau Katsinanci ya shiga ɗab'in boko ta bakin wani wanda 'yan'uwansa suka sayar. Muna kiran sunan Schön a kowace takarda, muna kiran Dorugu saboda Magana Hausa na 1885, shi da ya bi ta Sahara da Barth. Waɗancan na bakin teku kuwa ko a gefen allo ba mu rubuta su.

Sauran kashi na uku, waɗanda ba su haye ba, ba su kuma koma gida ba. Ingila ta harbi Ikko da igwa a 1851, ta mallake ta a 1861, Badagiri ta bi baya a 1863. A wannan shekara ta 1863 ne John Glover ya tara wasu Hausawa, yawancinsu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu Yarabawa, ya ba su bindiga da kaki. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma rundunar sojan Nijeriya har yanzu daga kansu take fara ƙidayar tarihinta. Mutumin da ba shi da dangi a wurin, wanda in ya bar bariki za a sake kama shi, ba shi da wanda zai bi sai mai ba shi albashi. Turawa sun gane wannan sarai. Aka kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Kamfanin Kwara ya kwaikwayi dabarar, haka ma Lugga da ya kafa rundunarsa a 1898, har Hausa ta zama harshen bariki, Bayarabe da Banufe duk da ita ake ba su umurni.

Rundunar da ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, askarawa baƙar fata ɗari bakwai da 'yan kai ne, Turawan ciki ba su kai hamsin ba. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. Daga can Gwamna Lugga ya yo gabas da 'yan rakiya kaɗan, shi ya sa ta yamma ya ɓullo wa Katsina a ƙarshen watan, ya shigo ta Ƙofar 'Yandaka. Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba. Cikin sharuɗɗan da aka karanta wa sarakunan da aka ci har da hana harin bayi da rufe kasuwarsu, ga kuma dokar da ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Abubakar bai daɗe ba aka tuɓe shi, aka tuɓe Yero da ya gaje shi, a 1906 sarauta ta koma hannun Durɓi Muhammadu Dikko. Ita kuwa bauta kanta, ba a soke ta ɗungum a Jihar Arewa ba sai a 1936.