Tarbiyyar Kuɗi: Abin Da Yara Ke Ɗauka Daga Iyayensu

Tarbiyyar kuɗi ita ce yadda yaro ke koyon neman kuɗi da kashe su da adana su da juya su. Galibinta a gida ake yi, kuma ido ya fi kunne ɗauka. Yaro yana lura da yadda mahaifiyarsa ke zubin adashi, da yadda mahaifinsa ke amsa sallamar mai bin sa bashi, da ko albashi na kai wa ƙarshen wata.

A 2013, masana biyu na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, David Whitebread da Sue Bingham, sun fitar da rahoton da ya nuna cewa tushen ɗabi'un kuɗi, irin su haƙuri da tanadin gobe, yana kafuwa ne tun yaro na da kimanin shekara bakwai.

Gidajen fatake na Kano sun daɗe da sanin haka. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya shahara da cinikin gyaɗa, kuma 'ya'yansa Sanusi da Aminu sun bi sahunsa. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya sha faɗin cewa tun yana firamare yake sayen alewa yana sayarwa. Sai dai bai kamata a manta ba cewa a irin wannan gida, har jari da sanin mutane ake gada.

Tsoro ma ana gadonsa. Bayan haɗe bankunan Najeriya a 2005, ma'aikata da 'yan kasuwa sun yi rububin sayen hannun jari, wasu ma da rancen banki. Da farashi ya rushe a 2008, yaran da suka ga iyayensu cikin ɗimuwa sun tashi suna jin cewa fili ko kiwo ko zinare su ne ajiyar da ba ta cin amana.

Tasirin iyaye yana da iyaka. Binciken da Henrik Cronqvist da Stephan Siegel suka yi kan tagwaye a ƙasar Suwidin, wanda aka wallafa a 2015, ya danganta kusan kashi ɗaya cikin uku na bambancin mutane wajen tanadi da halittar da aka haife su da ita. Ya kuma gano cewa tasirin tarbiyyar gida ya fi ƙarfi a ƙuruciya, sannan yana raguwa yayin da mutum ya fara cin gashin kansa, ya ɗanɗani riba da asara da kuɗinsa.