Tsohuwar Rediyo a Kunci

Masu nazarin tarihin rediyo sukan fara ne da manyan tashoshi: Sashen Hausa na BBC a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka a 1979. Ni kuwa so nake in waiwayi mai saurare, wato manomin da ya riƙe akwatinsa da ƙyar.

A gidanmu a Kunci, da kuɗin gyaɗa mahaifina ya sayi rediyo mai batir huɗu, kafin farin 1973. A bakinta muka ji rasuwar Janar Murtala ran 13 ga Fabrairu, 1976, zaure cike da maƙwabta, ba mai cewa uffan.

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu a 1982, darajar naira kuma ta karye a 1986, sabuwar rediyo ta gagari talaka, batir ma sai da lissafi. Sai aka koma ga dabara. Mukan shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu, mu ɗaure murfi da roba, mu ja waya bisa darbejiya a maimakon eriyar da ta karye. In ta yi shiru, sai a kai ta Bici ran kasuwa. Mai gyara ya zafafa ƙarfe a garwashi, ya ciro kayan wata matacciya, ya liƙa da dalma.

Ba don irin waɗannan masu gyara ba, da tashoshin nan iska kawai suke yi wa magana a ƙauyukanmu. 'Yan'uwa ɗalibai, in kun je hutu ku nemi waɗanda suka rage, ku rubuta abin da suka sani tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.