Asalin Kalmar Boko

Daga cikin kurakuran da suka daɗe a bakin masu ilmi, har suka shiga littattafai ana karantar da su tamkar tabbatacciyar magana, akwai da'awar cewa kalmar boko an aro ta ne daga book, sunan littafi a harshen Ingilishi, ba bisa wata hujja ba face lafazin biyun ya yi kusa, kuma Turawa ne suka zo da ilmin da ake kira da sunan. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Tun kafin Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, Bahaushe yana da boko a bakinsa, ma'anarta kuwa algus da yaudara, da duk abin da zahirinsa ya saɓa wa baɗininsa. Wanda ya san al'adar biki ta dā ya san amaryar boko, yarinyar da akan yi wa ado a lulluɓe ta, a ɗora ta bisa doki ana kiɗa ana guɗa, jama'a na bin ta, alhali amaryar gaskiya an kai ta ɗakinta a asirce. Bargery ya tattara irin waɗannan ma'anoni cikin ƙamusunsa na 1934, kuma har yau muna cewa biri-boko.

Malaman lugga suna da dalili na biyu, wanda Paul Newman ya bayyana a 2013: da aro ne, da buku za mu ce, kamar yadda cook ya zama kuku a gidajen Turawa, balle ma muna da littafi, wanda muka samo daga al-kitab na Larabci, ba mu da bukatar wani suna.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne hukuncin da ke cikin sunan. Iyayen da suka tashi da allo da tawada, suka sauke Alƙur'ani, suka karanta Ishmawi da Risala, suna rubuta wasiƙunsu da ajami, da suka ga baƙaƙen Nasara ana jan su daga hagu zuwa dama, sai suka kira su ilmin boko, wato na jabu, domin suna tsoron a raba 'ya'yansu da addini. Duk da haka, shekara talatin bayan makarantar Nassarawa, a 1939, da waɗannan baƙaƙe aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta.