Saɓanin Magili da Suyuɗi a kan Manɗiƙi

Ka sani, ya kai ɗalibi, Shehu Magili, wanda ya karantar a Takidda da Katsina da Kano, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi a kan ilimin manɗiƙi. Suyuɗi ya haramta shi, domin asalinsa na Yunanawa ne. Magili ya amsa cewa gaskiya abar karɓa ce ko daga wa ta fito. Bayansu Ahalari, mai littafin fiƙihun nan, ya wallafa Sullamu a shekara ta 941 bayan hijira, aka riƙa karanta shi a zauruka. Malam kan ba da muƙaddima biyu: duniya tana sauyawa, kuma duk mai sauyawa fararre ne. Sai ɗalibi ya fitar da natija da kansa. Wanda ya saba da haka ba ya ɗaukar da'awa a matsayin hujja. Wallahu a'alamu.