Daga gishirin Foga zuwa gishiri mai aidin: tarihin yaƙi da maƙoƙo

A wajajen 1820 Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara, kuma ba a daɗe ba kasuwarta ta zama matattarar fatake. Masu zuwa Gwanja neman goro nan suke yada zango. Cikin hajar da ta raya kasuwannin Kabi har da kanwa da gishiri, musamman na kwarin Foga da ke Jamhuriyar Nijar ta yau. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Foga a 1853, ya ga yadda ake tace ƙasa, a dafa ruwan har ya daskare ya zama gishiri.

Gishirin ya gyara miya, ya zama lasar dabbobi, ya arzuta fatake. Abu ɗaya ya gaza bayarwa, wato sinadarin aidin, wanda ɗan kaɗan ne ƙwarai a irin wannan gishiri. Ƙasar da ke nesa da teku, wadda ruwan sama da ambaliya suka daɗe suna wankewa, ita ma takan rasa shi, amfanin gonarta ya taso babu shi. Daga nan maƙoƙo ke samun ƙofa, kumburin gaban wuya da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni, wanda ya fi kama mata.

Asalin lamarin yana cikin kai. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira fituwitari, nauyinta kimanin rabin giram. Ita ce madugun ayari: tana sakin sinadaran homon cikin jini, su kai umarni ga sassan da ke kula da girma, da haihuwa, da zuwan ruwan nono. Ɗaya daga cikin umarninta na zuwa ga tairod, tsokar da ke gaban maƙogwaro, wadda ke haɗa homon mai daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da ginuwar ƙwaƙwalwa. Ba ta iya haɗa shi sai da aidin. In aidin ya yi ƙaranci, fituwitari sai ta ƙara matsa mata lamba, ita kuwa ta yi ta girma don kamo ɗan abin da ke cikin jini, har wuya ya kumbura. Rogon da bai jiƙu sosai ba yana ƙara tsananta matsalar, haka ma gero inda aidin ya riga ya yi ƙaranci, kamar yadda bincike ya nuna a yammacin Sudan.

An shafe fiye da shekara 100 kafin a haɗa wannan ilimi wuri guda. Bernard Courtois ya gano aidin a Faransa a 1811, cikin tokar ciyawar teku. A 1820, zamanin da Jega ke kafuwa, likita Coindet na birnin Janeba ya fara ba masu maƙoƙo shi. Ernest Starling ya raɗa wa homon suna a Landan a 1905, Edward Kendall kuma ya tsamo homon ɗin tairod a Amurka a 1914. Daga 1917 David Marine ya jarraba aidin a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akuron na jihar Ohayo, aka ga maƙoƙo ya ja da baya. Suwizalan ta fara zuba shi a gishiri a 1922, jihar Mishigan ta bi sahu a 1924.

Najeriya ta jira har bayan taron ƙoli kan yara na 1990 a birnin Niyok. A 1993, shekara biyu da ƙirƙiro Jihar Kebbi, inda Jega take, aka wajabta sa aidin a gishirin ci, bayan bincike ya gano maƙoƙo a jikin kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba. A shekarar aka kafa hukumar NAFDAC, wadda ta tsaya kan dokar, musamman zamanin shugabarta Dora Akunyili. A 2005 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika mizanin sa aidin a gishiri.

Wannan nasara abar alfahari ce, amma sai an yi ta tsaronta. Aidin yana raguwa in an baje gishiri a tire, rana na dukansa, damshi na shigarsa. Babban mutum na buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai juna biyu 250, kuma rashinsa a lokacin goyon ciki na iya tauye basirar jariri har ƙarshen rayuwarsa, ko da uwar ba ta da kumburi ko kaɗan. Don haka mai cefane a Maiyama ya nemi gishirin leda mai shaidar aidin, uwargida ta adana shi a rufe, kuma kada a cika shi a miya saboda hawan jini. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana kusa da kasuwannin Jega da Maiyama. Ya dace ɗalibanta su riƙa ɗibar gishirin awo suna gwadawa, su bayyana wa jama'a sakamakon da Hausa, domin lafiyar ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu ta cancanci wannan ɗawainiya.