Wayoyin lantarki na jirgin sama

Wayoyin lantarki na jirgin sama su ne wayoyi, mahaɗai da maƙalai da ke kai wuta da saƙonni tsakanin sassan jirgi, tun daga ɗakin matuƙi har zuwa injina, fikafikai da wutsiya. Hukumomin sufurin sama suna ɗaukar su a matsayin tsari guda mai dokokinsa, wanda ake taƙaita sunansa da EWIS. Jirgin Airbus A380 yana ɗauke da waya mai tsawon kusan kilomita 500 da mahaɗai kimanin 40,000.

Yadda ake yin su

Cikin wayar siraran zaruruwa ne na jan ƙarfe da aka murɗe tare, domin waya mai zare ɗaya takan karye saboda girgizar jirgi. Ana shafe zaruruwan da kuza, azurfa ko nikel don kada su yi tsatsa. A manyan layukan da ke ɗauko wuta daga janareta, wasu jirage suna amfani da alminiyum saboda rashin nauyinsa. Ana auna kaurin waya da ma'aunin AWG, inda lamba babba ke nufin waya siririya.

Rigar wayar ba irin robar wayar gida ba ce. Ana yin ta da kayan da ke jure zafi da mai, kamar Teflon, Tefzel da Kapton. Kowace waya tana da lamba da aka buga a jikinta, sannan a ɗaure su dami-dami, a kafe su da maƙalai nesa da bututun mai da igiyoyin tuƙi.

Wuta da saƙonni

Yawancin manyan jiragen fasinja suna aiki da wuta iri biyu: mai juyawa ta bolt 115 da ke juyi sau 400 a daƙiƙa, da miƙaƙƙiya ta bolt 28. Wutar gida a Najeriya tana juyi sau 50 ne. Yawan juyin yana ba da damar ƙera janareta da taransifoma ƙanana marasa nauyi. Wayoyin saƙonni kuwa, kamar na tsarin ARINC 429, biyu ne a murɗe cikin ragar ƙarfe da ke tare katsalandan daga sauran na'urori.

Mahaɗai

Mahaɗi shi ne filogi da soket da ke haɗa dami da na'ura, ko dami da dami. Mafi yawansu zagayayyu ne, masu allurai da yawa da aka shafa wa zinari. Ana murza su har su kulle, kuma suna da tsagi da ke hana a sa su a gurbin da ba nasu ba. Galibi ana matse waya cikin allura da filaya ta musamman maimakon a liƙe ta da dalma, saboda wurin da aka liƙe yakan yi tauri ya tsage.

Haɗura da sauyin doka

A da ana ɗauka cewa waya, da zarar an sa ta, za ta kai ƙarshen rayuwar jirgi. Haɗura biyu suka sauya wannan tunani. Ranar 17 ga Yuli 1996, jirgin TWA 800 ƙirar Boeing 747 ya tarwatse kusa da New York, mutum 230 suka rasu. Masu bincike na Amurka sun ce tankin mai na tsakiya ne ya fashe, kuma abin da suka fi zato shi ne haɗuwar waya. Ranar 2 ga Satumba 1998, jirgin Swissair 111 ya faɗa teku kusa da Nova Scotia a Kanada da mutum 229, bayan gobarar da aka danganta da tartsatsin waya a saman ɗakin matuƙi. A 2007 hukumar FAA ta Amurka ta fitar da dokar da ta wajabta duba wayoyi da tsabtace su a cikin jadawalin gyaran jirgi.

Abubuwan da injiniya ke nema sun haɗa da gogewar riga a jikin ƙarfe, tsagewa saboda tsufa, laima, tsatsa a allurai, da ƙura ko ɓurɓushin ƙarfe da ya taru a kan dami.

A Najeriya

Kwalejin Fasahar Sufurin Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyaran jirage, ciki har da masu kula da lantarki da na'urori. Hukumar NCAA ce ke ba su lasisi, kuma jirgi ba ya komawa aiki bayan gyara sai mai lasisi ya sa hannu. Wannan ƙa'ida ta shafi duk jiragen da ke da rajistar Najeriya, har da waɗanda ke ɗaukar alhazan Daura, Sandamu da sauran sassan jihar daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina.